Gyaran Ɗaki Ba Tare da Cin Jari Ba

(Jawabin da ɗaya daga cikin 'yan ƙungiya, mai sayar da atamfa da mayafai, ta gabatar a taron zagayowar ranar kafa ƙungiya)

 

Hajiya uwar ƙungiya, Hajiya shugaba, sakatariya da ma'ajiyarmu, iyayenmu da suka daure suka taso duk da ciwon ƙafa, mazajenmu da 'ya'yanmu da suka rako mu, 'yan uwana mata, barkanmu da ganin wannan rana. Waɗanda muka fara tafiyar nan tare ba su kawo yau ba, Allah Ya jiƙansu, Ya sa Aljanna ce makomarsu.

Da kwamiti suka ce in yi jawabi, sun bar mini zaɓin abin da zan yi magana a kai, ni kuma na zaɓi gyaran ɗaki, wato fenti da wurin ajiyar kaya. Na ga wasu suna murmushi, kamar a ce rana guda ta biki an rasa abin faɗa sai fenti. Ku yi haƙuri ku ji ni tukuna. Duk wadda ta taɓa zama kusa da littafin rance ta san lokacin da masu nema suka fi yawa: gab da azumi, gab da babbar Sallah, da kuma in biki ya matso. A takarda "ƙarin jari" ake rubutawa. Amma mu da muke shiga ɗakunan juna barka da jaje, mun san inda wani kuɗin yake tafiya. Wani jikin bango yake tafiya, wani wurin kafinta. Bayan wata biyu sai ki ga ɗaki yana ƙyalli, teburin sana'a ya bushe, mai ɗakin kuma in ta hango ma'ajiya sai ta sauya lungu. Bango ba ya juya kuɗi, 'yan uwa. Abin da aka ranta don a juya, in aka shafe shi a bango, da me za a biya?

Ban zo in hana kowa gyaran ɗaki ba. A ɗakin nan mace take karɓar baƙi, a nan take jego, a nan 'ya'yanta suke kwana, wasunmu ma a nan suke ɗinki da ƙulla kayan sayarwa. Ya cancanci a gyara shi. Abin da nake so mu duba shi ne yadda za a gyara shi da kuɗi kaɗan, ya daɗe bai lalace ba, bai cutar da yara ba, kuma ba a taɓa jari ba.

Iyayenmu da ke zaune a gaban nan sun fi ni sanin cewa gyaran ɗaki aikin mata ne tun asali. Su suke daɓe. A zuba tsakuwa, mata su taru gayya da maɗabai suna bugawa suna waƙa, a riƙa yayyafa ruwan makuba da aka jiƙa daga ɓawon ɗorawa, har ƙasa ta yi ƙarfi ta yi sheƙi. Su suke shafa farar ƙasa a bango in Sallah ta zo. Su suke jere: da ƙorai aka fara, aka zo tasoshi, aka zo fanteka da langa da samira, kowane kwano da mazauninsa. Tufafi suna cikin adaka, abin da ake tsoron ɓera ya taɓa yana kan ragaya. Ba su ci bashin kowa ba a kan wannan, hannu suka haɗa. Yau kayan aikin ne suka sauya, siminti ya maye daɓe, fenti ya maye farar ƙasa, sif ya maye adaka. Haɗa hannun kuwa ai shi ne ya tara mu a nan.

To, ta ina ake farawa? Ba daga shagon fenti ba. Daga fitar da kaya ake farawa. Ki sami rana guda ki fito da duk abin da ke ɗakin tsakar gida, har na ƙarƙashin gado da na saman sif da wanda ke cikin bakko tun bikin wance. Ki kasa su kashi uku: abin da kike amfani da shi, abin da yake da kyau amma kin daina amfani da shi, da abin da ya mutu. Na ukun nan a ba 'yan gwangwan ko 'yan jari-bola, ko kuɗin cefane a samu. Na biyun a sayar, ko a bayar sadaka, akwai marayu da zawarawa a kowace unguwa. In kin gama za ki ga ikon Allah, ɗakin da kike cewa ya yi miki kaɗan ashe kaya ne suka cinye shi. Mata da yawa da suke shirin sayen sif mai ƙofa huɗu, in suka yi wannan aikin sai su ga mai ƙofa biyu ya ishe su. Kun ga an rage rabin kuɗi tun ba a fita ƙofar gida ba.

Da ɗaki ya zama fili, sai a duba bango da kyau. Hausawa suka ce sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga. A ɗakunanmu ba ƙadangare kaɗai ba ne, har da kyankyaso da kuɗin cizo da gara. Fenti ba ya toshe tsaga, lulluɓe ta kawai yake yi na ɗan lokaci. A kira mai gini ya buɗe tsagar ya cike ta da siminti. In kin ga ƙasan bango yana kumbura yana fitar da wani farin gari kamar kanwa, danshi ne yake hawowa daga ƙasa, ko ruwan makwarara yana kwanciya a bayan ɗakin. In kin ga taswira a silin, kwano ne yake yoyo. Duk fentin da aka shafa a kan danshi ɓarewa zai yi, ko nawa aka saye shi. A gyara yoyon, a ba ruwa hanya, sannan a zo maganar launi. Inda kuma aka yi sabon filasta, a bar shi ya bushe sosai, kamar wata guda, kafin a sa masa fenti. Tsohon fentin da ke ɓarewa a kankare shi, bangon da ya sha hayaƙi da maiƙo a wanke shi da ruwan omo a bari ya bushe.

Lokaci ma abin dubawa ne. Da damina bango a jiƙe yake, fenti ba ya kamawa da kyau. Da tsakiyar hunturu kuma ƙura ce za ta manne a jikinsa tun bai bushe ba. Lokacin da ya fi shi ne da kaka, ruwa ya ɗauke, bango ya sha iska, hazo bai sauko ba. Gab da Sallah kuwa kowa ya san halin da ake ciki, mai fenti yana da gida biyar a rana, zai watsa miki ya wuce, kuma kuɗinsa ya hau.

Yanzu fentin kansa. Iri biyu ne muka fi amfani da su a ɗaki. Akwai na ruwa, wanda ake sirkawa da ruwa, shi ake shafa wa bango da silin, ba shi da wari sosai, yana bushewa da wuri, bayan awa uku ko huɗu a iya yi masa shafa ta biyu. Akwai na mai, mai sheƙi, wanda ake sirkawa da tina, shi ne na ƙofa da taga da ƙarfe, shi sai ya kwana kafin a maimaita. Na mai yana wankuwa, shi ya sa za ku ga a makarantu da asibitoci ana shafa shi daga ƙasa zuwa wajen ƙugu, sama kuma a sa na ruwa. Mai ƙananan yara ta ɗauki wannan dabarar, don hannun miya da zanen gawayi iyakarsu nan, tsumma da sabulu sun gama da su. Wadda ɗakinta ginin ƙasa ne ba filastar siminti, kada ta raina farar ƙasa. Tana barin bango ya sha iska, ga araha. Fentin mai a kan ginin ƙasa riƙe danshi yake yi, ya kumbura ya zubo.

Nawa za a saya? A nan ake cutar mu, domin mai fenti ne yake faɗa, mu kuma mu ce to. Ga lissafin, na rubuto shi, irin wanda muka koya a ajin yaƙi da jahilci ne, ba wani abin tsoro ba. Ɗaki mai ƙafa 12 da 12, tsayin bango ƙafa 10, in aka cire ƙofa da taga, bangonsa huɗu sun kai kamar murabba'in mita 40. Shafa biyu ake yi, ya zama 80. Fenti na ruwa mai kyau, a bango mai santsi, lita ɗaya tana shafe kamar mita 10. Kun ga lita 8 ke nan, a ƙara 2 saboda zuba da abin da rola take sha, ya zama lita 10. Babban bokiti lita 20 ne, galan kuma lita 4. Ashe bokiti guda na mai kyau zai iya yi wa mata biyu ɗaki ɗai-ɗai. In bango mai kaushi ne, ko za a rufe launi mai duhu da mai haske, zai fi haka ci, sai a ƙara. Amma in mai fenti ya ce miki ɗaki guda bokiti biyu, ki tambaye shi ina sauran za shi.

Ni atamfa nake sayarwa, na san maganar nan da ake cewa araha ba ta ado gaskiya ce. Akwai atamfar da wanki ɗaya za ta zuba, akwai fentin da in kika jingina da shi zai biyo mayafinki. Mai arahar nan sai an yi shafa uku ko huɗu kafin ya rufe, shekara na zagayowa ya koɗe, kin biya kuɗin fenti sau biyu, kuɗin aiki sau biyu. In za ki saya, a Ƙofar Ruwa ne ko a Sabon Gari ko a shagon unguwa, ki je da kanki ko ki tafi da ɗanki mai karatu, zuwa da kai ya fi saƙo. Ki duba murfin, a tabbata ba a taɓa ɓalle shi ba, domin akwai masu ɗura na banza a bokitin kamfani mai suna. Ki duba sunan kamfani da adireshinsa da tambarin hukumar SON. Ki karɓi rasit. A jikin bokitin an rubuta yawan ruwan da za a ƙara, ki karanta ko a karanta miki, kuma ki tsaya a wurin lokacin da ake sirkawa. In aka cika masa ruwa ya zama koko, zai yi saurin shafuwa, mai aiki ya tafi da wuri, ke kuma a bar ki da bango mai zane-zane. Sannan ki sayi abin da zai ishe ki gaba ɗaya. Yadda turmi biyu na zane iri ɗaya suke iya bambanta in ba rini ɗaya aka yi musu ba, haka fenti yake, in ya yanke kika koma ƙaro wani, sai ki ga bango ɗaya ya fi ɗaya duhu.

Sai launi, inda rigimar take. Kowa da abin da ransa yake so, ba zan zaɓar wa kowa ba, amma ga abin da ido ya gani. Yawancin ɗakunanmu ƙanana ne, taga ɗaya, wani ma tagar tana kallon katangar maƙwabta. Launi mai haske, irin fari da ruwan madara da ruwan sararin samaniya da ruwan hoda mai haske, yana mayar da haske cikin ɗaki, ɗakin ya yi kamar ya ƙara faɗi. In an ɗauke wuta, 'yar fitilar caji guda ta isa yaro ya yi aikin makaranta. Launi mai duhu, irin ruwan makuba da shuɗi mai turuwa da kore shar, shanye hasken yake yi, da rana tsaka sai kin kunna fitila kafin ki zura zare a allura. Sauro ma wuri mai duhu yake so ya maƙale da rana. In ranki yana son launi mai ƙarfi, ki ba shi bango ɗaya, na bayan gado ko na bayan kujera, sauran ukun a bar su da haske. Silin kuwa a bar shi fari.

Kuma kafin ki zaɓa, ki dubi abin da kike da shi. Labulenki wane launi ne? Ledar ƙasa ko kafet fa? Kujeru fa? Mu mata mun iya wannan, ba wadda za ta ɗaura atamfa ruwan goro ta yafa mayafi shunayya ta fita biki. Yadda kike haɗa zane da mayafi da takalmi, haka za ki haɗa bango da labule. In ba haka ba fenti zai ja miki sabon labule, labule ya ja sabuwar rigar kujera, kafin ki farga jari ya tafi. Wata dabara kuma, launin da kika gani a takardar shago ko a bakin bokiti ba lalle shi za ki gani a bango ba, domin fenti yana sauyawa in ya bushe. A shafa ɗan wuri kamar faɗin faifai, a bari ya bushe, ki kalle shi da safe, ki kalle shi da dare a hasken fitila, sannan ki yanke shawara. Wajen aiki kuma daga sama ake farawa, silin tukuna, sai bango, ƙofa da taga su ne ƙarshe.

Yanzu ina roƙon ku ba ni kunnuwanku sosai, domin wannan maganar lafiyar 'ya'yanmu ce. Akwai wani abu da ake kira dalma. Kun tuna abin da ya faru a Zamfara a shekarar 2010, inda gubar dalma ta kashe yara aƙalla 400. Can daga dutsen zinariya da ake niƙawa a cikin gidaje ta fito. To, ita wannan dalmar wasu kamfanoni suna sa ta a fentin mai, musamman rawaya da ja da ruwan goro, kuma an sha samun ta a fentin da ake sayarwa a kasuwannin ƙasar nan. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani ɗan adadi nata da za a ce ba ya cutarwa. A jikin yaro ƙwaƙwalwa take taɓawa, a hankali, ba zazzaɓi ba kuka, sai dai a ga yaro ba ya gane karatu a yi ta dukansa. Yaro mai rarrafe yana ɓantarar fentin da ke ɓarewa a ƙofa ya kai baki, ko ƙurarsa ta hau hannunsa. Saboda haka in za ki sayi fentin mai, ki nemi wanda aka rubuta a jikinsa cewa babu dalma. In za a kankare tsohon fentin mai, a fitar da yara da masu ciki daga wurin, a jiƙa wurin kafin a goga sanfefa don kada ƙura ta tashi, a kwashe ɓarɓashin a zubar nesa, a goge ƙasa da jiƙaƙƙen tsumma. Ɗakin da aka yi wa fentin mai a bar ƙofa da taga a buɗe, kada a kwana a ciki sai warin ya fita, balle mai jego da jariri ko mai asma. Tina kuma wuta take kamawa kamar fetur, kada a kusanto da kaskon turare ko risho. Gwangwanin fentin mai kada a zuba abin ci ko ruwan sha a ciki har abada. Bokitin na ruwa ma in an wanke shi, a bar shi wa wanki da shara.

To, mu zo kan ma'ajiya. Ba ke nake nufi ba Hajiya, ki kwantar da hankalinki, ma'ajiyar kaya nake nufi. Yawancin sif ɗin da ake jerawa a bakin titi an yi su ne da babban wurin rataya da 'yan kantoci biyu ko uku. Mu kuwa kayanmu na ninkewa ne: atamfa, leshi, shadda, zannuwan gado, mayafai, ɗankwali. Abin ratayawa kaɗan ne, abaya da dogayen riguna da hijabai, sai manyan kayan maigida. Don haka in za a yi miki, ki ce wa kafinta ya yawaita kantoci, tsakanin kowace da kowace kamar ƙafa ɗaya. In tazarar ta yi yawa sai ki tula kaya, ki zo zaro na ƙasa duk su rufto. Ɓangaren rataya kuma zurfinsa ya kai ƙafa biyu, in bai kai ba hanga ba za ta zauna daidai ba, ƙofa ta ƙi rufuwa. A sa durowa biyu ko uku na ƙananan kaya, ɗaya mai makulli. A kai shi har kusa da silin, saman ya zama wurin bargo da rigunan sanyi da akwatunan da ba a taɓawa sai shekara-shekara. Ki auna wurin da zai zauna, ki auna ƙofar ɗakin, ki rubuta a takarda. Sau nawa muka ga an kawo sif a kura ya ƙi shiga ƙofa, an tsaya ana kallon juna?

Ki tambayi irin katakon kafin ki ba da kuɗi. Akwai allon da ake yi da garin katako a matse, a lulluɓe shi da leda mai sheƙi. Yana da kyan gani, amma in ruwa ya taɓa gindinsa kumbura yake yi kamar burodi, kuma in aka kwance shi sau ɗaya sau biyu, ƙusa ba ta ƙara kama shi. Filawud mai kauri ya fi shi jure ruwa da ƙaura. Katako na gaske ya fi duka, in ya bushe sosai, in ɗanye ne zai karkace, ƙofa ta daina haɗuwa. Wadda take da hali ta tura a sayo mata katakon a 'Yan Katako na Na'ibawa, ta biya kafinta kuɗin aikinsa daban, ta san abin da aka sa mata. Kowane iri ne, a yi masa ƙafafu ya ɗaga daga ƙasa yadda tsintsiya za ta shiga, a bar 'yar tazara tsakaninsa da bango saboda danshi da gara. Dogon sif kuma a ɗaure samansa da bango, domin yara suna jawo durowa su taka su hau, yana iya rufto musu. In na hannu za ki saya, ki haska fitila a kowane lungu nasa, kada ki sayo kuɗin cizo da kuɗinki.

Wadda ba ta da kuɗin sif yanzu, kada ta ji komai. Katako uku ko huɗu a kafa a kusurwar ɗaki, a sa ƙarfe ɗaya na rataya, a saya masa labule, ya yi aikin sif. Manyan robobi masu murfi, irin na Ƙofar Wambai, suna shiga ƙarƙashin gado, ɓera ba ya shiga, ƙura ba ta shiga. A rubuta a jikin kowace abin da ke ciki. Abin da nake so mu rabu da shi shi ne igiyar nan da ake ɗaurawa daga ƙusa zuwa ƙusa a tula mata kaya, gidan sauro ce, ku girgiza ta da yamma ku gani.

Abu biyu game da ajiya. Kafur da muke watsawa cikin kaya, a nisanta shi da kayan jarirai. Likitoci suna gargaɗi cewa yana iya jawo wa wasu jarirai shawara mai tsanani, ga shi fari kamar alewa, yaro yana iya haɗiyewa. Kayan jariri wanki da shanya a rana sun ishe su. Na biyu, magunguna da fiya-fiya da maganin ɓera a sa su can sama inda hannun yaro ba ya kai. Durowa mai makullin nan kuma ta takardu ce: takardar haihuwa, katin rigakafi, sakamakon makaranta, takardar fili, rasit ɗin haya, da littafinki na ƙungiya, duk a cikin leda guda. In wani abu ya taso da dare, Allah Ya kiyaye, hannu ɗaya za ki sa ki ɗauka.

Masu zaman haya, ku yi magana da mai gida kafin ku taɓa bango. Gyaran yoyo da tsaga nasa ne, in ke za ki yi, a yi yarjejeniya a rubuce gaban shaida cewa za a cire a kuɗin haya. Mun sha gani mace ta gyara ɗaki tas, mai gida ya leƙo ya ga ya yi kyau, shekara na ƙarewa ya ƙara kuɗi ko ya ce ɗansa zai yi aure. Kuɗinki ki sa shi a abin da za ki iya ɗauka ki tafi da shi, sif ɗin ma a yi miki mai kwancewa.

Iyayen gida maza da kuke wurin nan, Allah Ya ƙara girma, ku ma da naku. Rufi da bango na mai gida ne. Kada a bari sai za a yi wa mace kishiya sannan a tuna ɗakinta yana son fenti. Bokiti guda duk bayan shekara biyu ko uku ba zai karya kowa ba, kuma yana sayen zaman lafiyar da kuɗi mai yawa ba ya saya. Mu kuma mata, in maƙwabciya ko abokiyar zama ta yi sabon fenti, a ce mata Allah Ya sa alheri, a wuce. Ba ki san ko ɗanta ne ya aiko mata ba, ke kuma ki je ki kwashi kuɗin gyaɗarki ki yi gasa da ita.

Ga roƙona ga shugabanni da kwamiti, ina so a sa shi cikin abin da za a tattauna a taro na gaba. Na ɗaya, rancen jari ya tsaya a jari, wadda ta karɓa don sana'a a ga kayan sana'ar. Na biyu, a buɗe adashi na daban na gyaran ɗaki ga masu so. Misali, in mu 20 ne, kowa tana zuba naira 2,000 a mako, duk mako mace ɗaya za ta kwashi naira 40,000, cikin mako 20 kowa ta samu, ba ruwa, ba ɓuya. Mu fara shi da wuri yadda kwasar za ta faɗo wajen kaka. Na uku, mu riƙa sayen fenti a dunƙule daga dila ɗaya, mu sami ragin sari, masu son launi ɗaya su raba bokiti. Na huɗu, ƙungiya ta sayi rola da burushi da tsani guda biyu a ajiye, a riƙa ara ana rubutawa. Fentin ruwa ba gagarau ba ne, samarinmu da 'yan matanmu da suka gama sakandare suna zaune za su iya, in wani ya nuna musu sau ɗaya. Wa ya sani, wani ma ya samu sana'a daga nan. Ranar fitar da kaya da mayarwa kuma mu riƙa yi wa juna gayya, yadda iyayenmu suka yi wajen daɓe. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

In an yi haka, ɗaki zai yi kyau, tebur yana cike da kaya, littafin ma'ajiya ba jan biro. Wadda nata bai zo wannan shekarar ba ta yi haƙuri ta share ta goge, sannu ba ta hana zuwa.

 In na taka wata a cikin magana, ta yafe mini, gyara nake nufi. Allah Ya sa albarka a sana'o'inmu, Ya raya mana zuriya, Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya zaunar da gidajenmu da ƙasarmu lafiya, Ya maimaita mana ta baɗi da rai da lafiya.